Magani ko Kurkuku: Yadda Tallafin Gwamnati ga Jinyar Masu Shaye-shaye ke Aiki, da Inda Yake Cijewa

Duk lokacin da aka ji gwamnati na maganar ware kuɗi don yi wa waɗanda aka kama da ƙwaya magani, sai baki ya rabu biyu a majalisun Zariya. Wani ya ce an fara biyan 'yan ƙwaya lada da kuɗin jama'a. Wani kuma, musamman wanda ɗansa ke tsare, ya ɗauka gobe za a buɗe wa yaron ƙofa a miƙa shi asibiti kyauta. Kowannensu ya kama gefe guda ne na al'amari mai sarƙaƙiya, domin kafin naira ɗaya ta isa ga majinyaci sai ta ratsa ta dokar da ta ba alƙali dama, da hukumar da za ta saki kuɗin, da asibitin da ke da gado da ma'aikata. Idan ɗaya daga cikinsu ya toshe, sauran sun tashi a banza.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Tallafi a nan kuɗi ne da wata gwamnati ko hukuma ke ba wata cibiya don ta yi takamaiman aiki, ba rance ba ne, amma yana da sharaɗi da wa'adi. Ba a danƙa wa mai laifi shi a hannu. Asibiti ne ke karɓa, ko hukumar jiha, ko ƙungiya mai rajista, kuma dole ta kawo bayanin yadda ta kashe. Bambancinsa da albashin ma'aikata shi ne yana ƙarewa: shekara biyu, uku ko biyar, sai a sake nema ko aikin ya tsaya.

Wanda ake nufi da mai laifin da bai cutar da kowa ba shi ne wanda aka kama da ɗan abin da zai sha da kansa, babu makami, babu duka, babu ƙwace. Dila mai sayarwa ba ya ciki, haka ɗan sara-suka da mai ƙwacen waya, ko da a buge suka aikata. Inda ake samun gardama shi ne tsakiya: yaron da ke sayar wa abokai 'yan ƙwayoyi don ya samu nasa na sha, ko wanda ya ɗauki tukunyar gas ta gidansu ya sayar. Duk tsarin da bai fayyace matsayin irin waɗannan a rubuce ba, ya bar hukuncin a hannun jami'in da ya yi kamen, kuma nan ne cin hanci ke samun ƙofa.

Jinya kuwa ba tsarewa ba ce. Kulle mutum wata shida har ƙwaya ta fita daga jininsa bai taɓa dalilin da ya sa yake sha ba. Kuma ba duk mai sha ne ya kamu ba: akwai mai taɓawa jefi-jefi, akwai wanda jikinsa ya saba har ba ya iya wuni ba tare da ita ba. Maganinsu daban, kuɗinsu ma daban.

Girman abin

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, wanda ya shafi shekarar 2017, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin 100. Miliyan 10.6 wiwi ne, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramol da kodin. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kusan miliyan 3. Ɗaya cikin biyar na masu shan ya kai matakin da yake buƙatar jinya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Daga cikin waɗanda shansu ya yi tsanani, kusan kashi 40 cikin 100 sun ce sun so magani ba su samu ba, galibi saboda tsada da tsoron tsangwama.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hanin ya taɓa kasuwa, amma wanda jikinsa ya riga ya saba ba ya warkewa don kwalba ta yi tsada, wani abin yake komawa. Sannan a watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa, aka bi da rufe wasu irinsa a Daura da Zariya. Abin lura a wannan lamari shi ne yawancin mutanen iyayensu ne suka kai su, suna biyan kuɗi. Ke nan buƙatar tana nan, har da niyyar biya. Wurin kirki mai sauƙin kuɗi ne ya yi ƙaranci.

Ƙofar doka ta fi ta asibiti ƙunci

Nan ne yawancin masu sharhi ke tsallakewa, alhali nan ne gizo ke saƙa. Dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 48 ta 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar ibilis, hiroyin ko makamantansu, kuma kotuna sun fassara cewa wiwi na cikin makamantan. Dokar ba ta ware wani awo da za a ce daga nan zuwa ƙasa na mai sha ne, daga nan zuwa sama na mai sayarwa ba. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron waɗannan laifuffuka. Dokar ta ba alƙali damar ya umarci a yi wa babba jinya a kan hukuncin da ya yanke masa, amma jinya a madadin hukunci, ƙananan yara ta ambata.

A ɗaya ɓangaren akwai dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irinta a 2017. Ita ce ta kawo jingine hukunci, da aikin al'umma, da sakin mutum ƙarƙashin sa ido. Sai dai ta tarayyar ta ce ba a jingine hukunci ko ba da aikin al'umma a laifin da ya shafi makami, ko lalata, ko wanda ɗaurinsa ya wuce shekara 3. A ajiye 3 kusa da 15, za a ga matsalar: mutumin da aka fi so a karkatar zuwa asibiti, a takarda, ya faɗa rukunin da sassaucin bai kai gare shi ba.

A aikace ana bi ta gefe. NDLEA kan ware wasu masu sha ta yi musu nasiha ko ta kwantar da su a cibiyoyinta ba tare da ta gurfanar da su ba, alƙalai kuma kan yanke ɗauri gajere ko su ba da zaɓin tara idan mutum ya amsa laifi. Wannan sauƙi ne, amma ya dogara da ganin dama, ba haƙƙi ba ne da talaka zai tsaya ya nema. Ghana ta bi wata hanya a 2020, inda sabuwar dokarta ta mayar da hukuncin mallakar abin sha na kai zuwa tara maimakon ɗauri. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ma, wadda dokar NDLEA ta ginu a kanta, ta halatta wa ƙasashe su yi jinya a madadin hukunci a ƙananan laifuffuka. Saboda haka babu wata igiyar waje da ta ɗaure hannun majalisa.

Abin da kuɗin ya kamata ya saya

Matakin farko tantancewa ce, kuma ya kamata a yi ta cikin kwanakin farko na kamu. Akwai takardar tambayoyi ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna ASSIST da ma'aikacin jinya da aka horar zai iya cikewa cikin 'yan mintuna, ta raba mutane zuwa masu ƙaramin haɗari, matsakaici da babba. Wannan mataki shi ne mafi arha kuma shi ke tsare sauran kuɗin. Idan aka tsallake shi, sai a cika gadaje da samarin da nasiha ta zama biyu ko uku za ta ishe su, wanda ya kamu da gaske ya rasa wuri.

Na biyu shi ne fitar da ƙwayar daga jiki ƙarƙashin kulawar likita. Mai shan kodin ko tiramol yakan fara jin jiki cikin yini guda da dainawa: hamma, zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci. Abin kan tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. Tiramol na da ƙarin haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai shan magungunan sa barci irin su roci ko baliyam ba a yanke masa lokaci guda, a hankali ake rage masa cikin makonni, domin yankewar gaggawa na iya jawo jijjiga har ta kai ga rasa rai. Haka ma wanda ya daɗe yana shan giya da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa ɗakin tsare mutane na ofishin 'yan sanda ba wurin daina ƙwaya ba ne.

Na uku, wanda ya fi tsawo ya fi cin kuɗi, shi ne jinyar kanta: zaman tattaunawa da ƙwararre, zaman rukuni, zama da iyali, da maganin cutar ƙwaƙwalwa idan akwai, domin da yawa suna ɗauke da ciwon damuwa ko ruɗewar tunani tare da shaye-shayen. Ga wanda ya yi nisa a hiroyin da danginta akwai magunguna irin su metadon da ake sha kullum ƙarƙashin kulawa. Masana sun daɗe da lura cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne. Ba dole ne duk kwanakin su kasance a kwance ba. Mafi yawan mutane za su iya zuwa daga gida sau biyu ko uku a mako, kuma kuɗin gado ɗaya zai iya ɗaukar nauyin masu zuwa daga gida da dama.

Sai gwajin fitsari, inda ake yawan yin kuskure. Tsinken gwajin da aka saba da shi na dangin hiroyin ba ya kama tiramol, sai an sayi nasa na musamman. Cibiyar da ba ta san haka ba za ta riƙa rubuta cewa majinyaci ya tsarkaka alhali yana sha. Wiwi kuma akasin haka: mai shanta kullum zai iya nuna alama a fitsari makonni bayan ya daina, sai a hukunta wanda ya riga ya tuba.

Na ƙarshe shi ne bibiya bayan sallama, wato jami'in da zai riƙa duba shi, da sana'a, da kuɗin mota zuwa asibiti. Shi aka fi yankewa idan kuɗi ya gaza, saboda ba ya da hoton da za a nuna ranar buɗe aiki. Amma makonnin farko bayan fita daga kurkuku ko asibiti su ne mafi haɗari. Jiki ya manta da adadin da ya saba, mutum ya koma ya sha irin na da, numfashi ya tsaya. Akwai maganin gaggawa mai suna nalokson da ke farfaɗo da wanda dangin kodin suka danne wa numfashi, kuma tallafin da bai sa shi a lissafi ba ya bar giɓi babba.

Abin da ya faru a inda aka gwada

Amurka ce ta fi daɗewa a wannan tsari. A 1989 aka buɗe kotun musamman ta masu shaye-shaye a Miyami, inda alƙali ke bibiyar jinyar mutum da kansa. Daga 1994 gwamnatin tarayyar ƙasar ta fara ba irin waɗannan kotuna tallafi, da sharaɗin kada a saka masu laifin tashin hankali, kuma mai karɓa ya kawo nasa kason, kashi 25 cikin 100. Hikimar kason ita ce wanda ya zuba nasa ba ya barin aikin ya mutu da sauƙi.

A 2000 masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka amince da dokar da ta ce wanda aka kama da ƙwayar sha karo na farko ko na biyu a tura shi jinya, aka ware dala miliyan 120 duk shekara har shekara biyar. Dubban mutane sun shiga, an rage kashe kuɗin kurkuku, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na waɗanda suka fara suka kammala. Da tattalin arziki ya tsuke a ƙarshen shekarun 2000, aka janye kuɗin, dokar ta zauna babu abin aiwatar da ita. Jihar Origon kuma a 2020 ta cire hukuncin ɗauri kan mallakar ƙaramin adadi, ta ce kuɗin jinya zai fito daga harajin wiwi. Sakin kuɗin ya yi jinkiri sosai, jama'a suka ga shaye-shaye a titi ba su ga asibiti ba, a 2024 aka maido da hukuncin. Fotugal, wadda ta yi nata sauyin a 2001, ta haɗa shi da faɗaɗa cibiyoyin jinya da kwamitocin da ke zama da duk wanda aka kama, shi ya sa nata ya fi daɗewa a tsaye.

Lissafin Kalifoniya na da amfani ga duk mai duba kasafi. Idan mutum 90 suka shiga, 30 suka gama, to kuɗin kowane wanda ya gama ya kusa ninka abin da aka rubuta a takarda sau uku. Rahoton da ya tsaya kan yawan waɗanda aka karɓa bai faɗi komai ba tukuna.

Ta ina kuɗin zai fito a nan

Aljihunan da doka ta riga ta ɗinka suna nan. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kafa sashen hukunci ba tare da tsarewa ba, ta kuma tanadi asusu na musamman dominsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ita ma ta tanadi asusu. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, akwai inshorar lafiya ta Jihar Kaduna ƙarƙashin hukumar KADCHMA. Jihar Kaduna kuma na cikin na farko da suka kafa hukuma ta musamman kan rigakafi da jinyar shaye-shaye, wadda aka kafa da sunan KADBUSA. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ƙara ba jihohi damar shiga harkar gidajen gyaran hali.

Sai dai asusu a doka daban, kuɗi a cikinsa daban. A kasafin Najeriya akwai abin da aka ware, akwai abin da aka saki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ce ke kashe irin wannan aiki. Titi zai iya jiran kuɗi wata huɗu. Majinyacin da maganinsa ya yanke wata huɗu ya koma inda ya fito. Akwai kuma rarrabuwar nauyi: tarayya ke kamawa ta gurfanar, ita ke ciyar da fursuna, amma jiha ce ke da mafi yawan asibitoci. Idan aka karkatar da mutum daga gidan yarin Ƙofar Doka zuwa jinya, tarayya ce ta huta da ciyarwa, jiha ko iyali suka ɗauki sabon nauyi. Kuɗin abincin fursuna ɗaya, a kan naira 1,125 a rana kamar yadda yake a 2025, ya haura naira 410,000 a shekara, ban da albashin ganduroba da zirga-zirgar kotu. Babu wata hanya da wannan rarar ke bin mutumin zuwa asibiti.

Yadda za a biya cibiya ma na sauya halinta. A biya ta bisa yawan kwanakin gado, za ta riƙe mutane fiye da kima. A biya ta bisa yawan waɗanda suka warke, za ta zaɓi masu sauƙi ta guje wa masu tsanani. Tsarin da ya fi tsare kuɗi shi ne a raba biyan kashi-kashi: wani lokacin karɓa, wani idan mutum ya cika kwana 90, wani idan an same shi bayan wata shida yana nan kan hanya, tare da mai bincike daga waje da zai ga mutanen ido da ido.

Masu goyon baya da masu ja

Masu goyon baya, waɗanda suka haɗa da likitocin ƙwaƙwalwa da yawancin masu aikin gyaran shari'a, suna cewa gidajen yari sun cika, kusan kashi biyu cikin uku na mazaunansu masu jiran shari'a ne, kuma saurayin da ya shiga da laifin ƙulli ɗaya yakan fito ya san manyan ɓarayi, ga tabon da zai hana shi aiki da aure. A wurinsu komawa sha bayan jinya, wanda ake ƙiyasta yana samun kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kamar tashin hawan jini ne bayan an yi sakaci da magani, gyara ake yi ba kora ba.

Masu ja suna da hujjoji da ba za a raina ba. Na farko, asibitocin gwamnati na fama da masu haihuwa da masu ciwon ƙoda da ba su karya doka ba, don me za a fifita wanda ya jawo wa kansa? Na biyu, tsoron ɗauri na hana wasu farawa, sassauci na iya rage wannan tsoro. Na uku, dila zai iya fakewa da rigar mai sha, ya riƙa yawo da kaɗan-kaɗan. Akwai kuma damuwa daga ɓangaren masu kare haƙƙi: idan sai an kama mutum ne zai samu jinya kyauta, uwar da ta kawo ɗanta da ƙafarta za ta biya, wanda aka kamo ya samu a banza, har wasu iyaye su fara kai 'ya'yansu ƙara don su samu gado. Amsar da aka fi bayarwa ga wannan ita ce a ware wani kaso na guraben ga masu zuwa da kansu. Batun tilas kuwa, abin da ƙa'idojin duniya suka yarda da shi shi ne a ba mutum zaɓi tsakanin jinya da shari'a, ya amince da bakinsa, kuma kada gazawa a jinya ta jawo masa hukuncin da ya fi na asali.

Yadda zai taɓa iyali a Zariya

Mazaunin Zariya na da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, mai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, sai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, mai sashen jinyar shaye-shaye. Idan tallafi ya tsaya kan gado a Kaduna kaɗai, iyali daga Tudun Wada ko Samaru za su riƙa biyan kuɗin mota duk zaman iyali, kuma bayan sallama zuwa bibiya zai gagara. Idan aka horar da ma'aikata a asibitocin unguwa suka riƙa yin tantancewa da bibiya, aka bar wa Shika da Barnawa masu tsanani, kuɗi ɗaya zai kai ga mutane da yawa.

Mata na buƙatar tanadi na daban. Matar aure da ta saba da kodin ko tiramol ba kasafai ake kama ta a titi ba, don haka tsarin da ƙofarsa kamu ne ba zai gan ta ba. Tana buƙatar ma'aikaciya mace, da sirri, da inda za ta ajiye goyonta. Ɗalibi kuma abin da ya fi damunsa shi ne ko sunansa zai shiga rajistar masu laifi. Tsarin da ke karkatar da mutum kafin a yanke hukunci, ya goge tuhumar idan ya kammala, ya fi jawo mutane su tsaya har ƙarshe.

Iyalin da aka ce za a tura ɗansu jinya suna da tambayoyin da ya kamata su samu amsarsu a rubuce kafin su sa hannu: wa ya ba da umarnin, kotu ko hukumar da ta kama shi; me tallafin ya ɗauka, gado kaɗai ko har magani da abinci da gwaji; kwana nawa ne; wane likita ke duba wurin; ana barin ziyara; me zai biyo baya idan gwaji ya nuna ya koma sha sau ɗaya; kuma ina tuhumar za ta kwana idan ya gama. Wurin da ya hana ziyara gaba ɗaya, ko aka ga mari da bulala, ko ya kasa nuna takardar rajistarsa da ma'aikatar lafiya ta jiha, bai cika sharaɗin karɓar kuɗin gwamnati ba, kuma ana iya kai ƙorafinsa ga ma'aikatar ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa.